Yaƙin Jafaru Mai Hoto da Faifan Kunkuru

Bayan godiya ga Sarkin da ya halicci ido ya kuma hore masa abin kallo, wannan shi ne tarihin sadauki ɗan sadauki, Jafaru Mai Hoto na Tudun Wadan Zariya, ɗan Ilu Mai Rediyo wanda ya taɓa kamo tashar ƙasar waje da cokali da guntuwar waya ranar da hadari ya rufe gari, jikan Tanimu Mai Garmaho wanda ya fara shigo da akwatin waƙa unguwa har tsofaffi suka riƙa leƙa bayansa suna neman mawaƙan da aka kulle a ciki. Zuriya ce mai albarka wadda ba ta taɓa riƙe takobi ba, amma babu wayar da ba ta kwance ba.

Shi kuwa Jafaru, Allah ya ja zamaninsa, hoton fasfo yake ɗauka a wani ɗan shago mai labule shuɗi, kuma a nan ya yi sunan da ake yi masa kirari da shi: Jafaru dodon dishi-dishi, mai raba baƙi da fari, mai miƙar da wuyan attajiri, wanda in ya ce "Kar ka ƙifta!" ko ɗan sanda sai hawaye ya zubo masa bai ƙifta ba! Shi ne ya taɓa mayar da ango kan kujera yana sake ɗauka har aka ɗaura auren ba da shi ba, don kawai inuwar hula ta sauka a kan girarsa. A mazhabarsa, hoton da bai fita tas ba ƙarya ce aka yi wa ido, kuma ya fi yafe wa wanda ya zage shi a kan wanda ya ce masa "ai ana ganewa."

Amma fa wannan gwarzo yana da wuri guda inda sulkensa ya ɓule, shi ne 'yarsa Ramla, yarinya 'yar aji biyu mai giɓi a gaba. Aurensa da uwarta ya daɗe da mutuwa, yarinyar tana can hannun uwar a Kaduna, sai hutu take zuwa. To a wannan karon ba hutu ne ya kawo ta ba, sallama ce. An yi wa mijin uwar canjin aiki zuwa Fatakwal, aka kawo ta ranar Asabar ta yi bankwana da ubanta da kakarta Inna Laure, a kan cewa ranar Lahadi da la'asar kawunta Sabi'u zai zo ya ɗauke ta su tarar da motar kudu. Yaushe za ta sake taka Zariya, babu wanda ya sani. Jafaru ya san haka, kuma abin yana cinsa, ko da yake irinsa ba sa faɗa.

Don girmama wannan ziyara, sadaukin ya buɗe taskarsa ya fito da wani faifan katun na ƙasar Japan da ya daɗe yana ajiya. Su mutanen Japan, Allah ya ba su wani irin haƙuri da ban san inda suka samo shi ba. Fim ne babu bos, babu duka, babu wanda ya ɗaga wa wani murya. Wata yarinya ta tsinci ɗan kunkurun teku a bayan gidan kakanta, ta yi jinyarsa a cikin baho, aka ci shinkafa, iska ta kaɗa ciyawa, aka sake cin shinkafa. Ramla ta jingina da ƙafar ubanta tana kallo baki buɗe. Daga ƙarshe yarinyar fim ta kai kunkurun bakin teku ta ajiye shi a kan rairayi, ya yi ta jan jiki, ya yi ta jan jiki, har ya zo daf da ruwa, ya ɗaga ƙafa ɗaya. Sai ya tsaya.

Babu wanda ya damu, domin fim ɗin ya saba tsayawa haka. Suka zuba ido cikin ladabi. Inna Laure ta gyaɗa kai ta ce, "Kunkurun nan akwai tunani." Aka kira salla, aka je aka yi, aka dawo, kunkuru yana nan yana tunani. Sai a lokacin idon gwani ya hango wani tsuntsu a saman allo wanda ya rataye a iska fiffike buɗe, ko motsi ba ya yi. Faifai ya maƙale tun ɗazu, su kuwa suna zaune suna yaba hikimar Japan.

"Abba," in ji Ramla, "ba zai shiga ba ne?"

Masu tarihi sun haɗu a kan cewa a wannan lokaci ne jinin Tanimu Mai Garmaho ya motsa. Jafaru ya miƙe tsaye, rimot a hannun dama, ya yi rantsuwar da ta jawo duk abin da ya biyo baya: "Zai shiga! Wallahi sai kin ga shigarsa da idonki kafin ki bar gidan nan!"

Gumurzun farko a tsakar gida aka yi shi. Ya huhhura wa faifan numfashi ya goge da gefen riga, abokin gaba bai ja da baya ba. Ya kai masa hari da man goge baki, ya biyo da turare, ya jefa shi kurkukun firij, ya fito da shi yana raɓa, ya ɗaga shi ga rana yana harararsa. Sakamakon wannan fatahi mai girma shi ne, faifan da a da yake kaiwa bakin teku ya koma maƙalewa tun a wurin cin shinkafa na biyu.

Da gari ya waye ranar Lahadi, ranar da ta rage masa da 'yarsa, Jafaru ya yi shirin fita. Ya tayar da tsohon babur ɗinsa, ingarman da ba ya tashi sai an tura, hayaƙi ya turnuƙe zaure, kaji suka watse. Ramla ta fito da takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu.

"Abba, in raka ka?"

"Fagen fama ba wurin yara ba ne. Yanzun nan zan dawo."

Inna Laure, wadda ba ta kiran sunansa don shi ne ɗan fari, ta leƙo daga madafa ta ce, "Kai wannan, yarinyar nan fa yau za ta tafi." Amma ƙarar babur ta rinjayi muryar uwa, runduna ta riga ta ɗaga.

Sansanin farko da ya afka wa shi ne layin masu turin fim na kasuwar Sabon Gari, inda sarkinsu, Habu Memori, yake zaune a bayan kwamfuta kewaye da wayoyi. Jafaru ya kwatanta masa kunkuru da baho da shinkafa, Habu ya danna nan ya danna can, sai ga fim ya fito, tun hantsi bai gama ɗagawa ba. Sai dai kwafin a sinima aka ɗauke shi a ɓoye: allon ya karkace, ƙeyar wani mutum ta cinye kusurwa guda, teku kuma ya koma kalar ruwan wanki.

"Oga, karɓi abinka," in ji Habu. "Ai ana gane kunkuru ne."

"Ana ganewa?" Jafaru ya daka tsawa har mai rake ya waiwayo. "Ni, jikan Tanimu, in nuna wa 'yata ana-ganewa a ranar sallama? Har abada!"

A nan dole mai wannan tarihi ya ajiye alƙalami ya yi tsaki. Da ya karɓi ruwan wankin nan, da kafin shayi ya huce yana gida, yarinya a gefensa, yini guda cur a hannunsu. Ramla ba ta san bambancin shuɗi da shuɗi ba, kunkuru kawai take so ya jiƙe. Amma wa ya isa ya gaya wa dodon dishi-dishi haka? Ya juya babur ya nufi Samaru, inda aka ce masa akwai mai fina-finai tas kamar madubi.

Kuma gaskiya aka faɗa. A sansani na biyu, wurin wani mai suna Ɗanjummai, hoto ya fito garau har Jafaru ya fara murmushin nasara. Sai aka ƙara sauti. Ashe kwafin ya bi ta hannun wani mai fassara wanda ya saba da fina-finan faɗa, bawan Allah da shiru yake tsorata shi. A daidai inda iska take kaɗa ciyawa babu mai cewa uffan, sai murya ta fashe: "Tab ɗi jam! Jama'a ku lura, bos yana cikin ciyawar nan! Kunkuru ya rantse sai ya ɗauki fansar ubansa!"

"Wane bos?" in ji Jafaru. "Wane uba?"

"Yallaɓai, in babu bos wa zai karɓa? Ka kashe sautin mana, ka kalla haka."

"In kashe ƙarar teku? Ka san abin da kake faɗa kuwa?"

Aka yi artabu na baki wanda ya tara mutane, aka kawo hujjoji, aka yi rantse-rantse, har azahar ta shiga ta fita. A tsakiyar ƙura wayarsa ta yi ƙara, ya ga sunan Inna, ya ɗaga ya ce, "Ina daf da nasara!" ya kashe. Wani dattijo daga cikin 'yan kallo ne ya tausaya masa ya ce, in faifai na asali yake nema, ya tafi cikin birni ya nemi Alhaji Mati, wanda ya mulki harkar kaset a zamanin da kaset ke da daraja, yanzu kuma katifa yake sayarwa.

Ya ku masu sauraro, wane harshe ne zai iya siffanta wannan tafiya, yadda sadauki ya keta cunkoso, ya ratsa kwata, ya tura ingarmansa da ƙafa lokacin da ya ƙi tafiya, gumi yana tsiyaya daga hularsa, har ya isa gaban tsohon sarkin da aka tuɓe yana gyangyaɗi tsakanin katifu? Alhaji Mati ya saurare shi, ya miƙa masa mabuɗin wani sito a baya, ya ce, "Duba da kanka, ɗana. In ka ga ɓera, ka gaishe shi, shi ne mai gadi." Jafaru ya shiga. Kwali a kan kwali har rufi, yanar gizo-gizo ta yi masa rawani, kyankyasai suka fito runduna-runduna ya tarwatsa su da takalmi, kwali guda ya rufto masa a ka bai ce wash ba. Ya tona zamanin Indiya, ya wuce zamanin kokawa, ya gangara zamanin 'yan Sin masu tashi sama. Can ƙasa, a cikin ledar da ba a taɓa yagewa ba, ga ɗan kunkuru yana kallonsa. Ya buɗe, ya ɗaga faifan ga hasken taga: ko ƙwarzane ɗaya babu.

"Kar ka motsa!" ya yi kururuwa, har Alhaji Mati ya farka a firgice. Bai lura ba cewa kiran sallar da yake ji tun yana cikin kwalaye na la'asar ne.

Ya shigo unguwa yana danna oda, faifai a ɗage sama, a shirye yake a tarbe shi da guɗa. Ƙofar gida a buɗe. Inna Laure tana zaune a zaure ita kaɗai, hannu a kumatu.

"Sun tafi," ta ce. "Sabi'u ya jira iya jira, ya ce motar kudu ba za ta tsaya musu ba. Yarinyar nan tun safe tana nan bakin ƙofa. Duk babur ɗin da ya wuce sai ta miƙe."

Jafaru ya sauke hannun da ya ɗaga faifan. Ya wuce ɗaki, ya saka faifan, ya tura shi zuwa bakin teku. Kuma in za a faɗi gaskiya, Zariya ba ta taɓa ganin hoto irin wannan ba: ana iya ƙirga rairayi, ana ganin rana a cikin ƙwayar idon kunkuru, tekun kuwa shuɗi ne har cikin rai. Kunkuru ya ɗaga ƙafa, ya sauke, igiyar ruwa ta zo ta ɗauke shi. Duka-duka abin bai kai tsawon atishawa ba. Rubutun Japan ya fara hawa sama.

Ya kira wayar Sabi'u, ya ce a ba shi Ramla. Layin yana ta kakkatsewa, ga ƙugin mota.

"Ramla! Ya shiga ruwan!"

"Abba? Ba na jin ka sosai."

"Na ce ya shiga! Na gani da idona!"

Cikin ƙaramar murya, ba fushi ba kuka, ta ce, "To. Abba, me ya sa ka daɗe?"

Sadauki ɗan sadauki, mai raba baƙi da fari, wanda bai taɓa rasa amsa a gaban attajiri ko ɗan sanda ba, ya buɗe baki ya fara yi mata bayanin kalar teku. Ya yi nisa a bayanin kafin ya gane layin ya daɗe da katsewa. Ni dai da na ga yadda ya zauna a ƙasa da wayar a kunne, dariyar da nake ta yi masa tun safe sai ta ɗauke.

Iyakar abin da ya tabbata na wannan yaƙi ke nan. Ganimar da aka samu faifai ɗaya ne, tas, babu ƙwarzane. Yana nan cikin ledarsa a kan talabijin, kuma har yau babu wanda ya ce a saka shi.