Sunan Giwar Dudu

"...ina gajiya kuma, angona? Ko ƙafafun sun ƙi tashi yau ma?"

"Lahiya lau. Mi ne wanga baƙin akwati? In kayan ɗakinki ne, koma da su, na hwasa auren."

Haka Aminatu da kakanta Dudu Mai Giwa suka soma, ni kuwa Basiru mai hoto ina tsugune da kyamarar bidiyo a kafaɗa, gumi yana bin bayana. Ƙungiyar ci gaban garinmu ce ta aro ta daga Sakkwato, don a haɗa fim a kan giwar nan tamu da aka kama tana ƙarama a dajin Ngaski, ta shekara talatin da biyar a gidan zu, inda ake ajiye namun daji, ta mutu bara. Mun ɗauki kowa, har masuntan Wara, saura Dudu da ya bi ta can ya yi kiwonta har ƙarshe. Aminatu, sakatariyarmu, ta yi alkawari gaban manya cewa da muryar kakanta za a rufe fim, yana kiran giwa kamar yadda ya saba. Motar da za ta mai da kyamara da azahar take tashi, ba wuta tun jiya, batir bai fi na minti goma ba.

"Gyara hularka, tsoho," in ji Aminatu. "Duk Yauri za ta gan ka a majigi. Kada a ce mijina ƙazami ne."

"Ni da Turawa sunka ɗauka hoto tun ba a haihe ki ba?"

"Giwa sunka ɗauka. Kai dai ka faɗo cikin hoton, riƙe da bokitin kashi."

"Bokitin ya hi tuwonki ƙamshi."

Na danna maɓalli, jar fitila ta kama. Aminatu ta gyara murya. "Kaka, gaya wa jama'a, mi ne sunan giwar?"

"Wagga? Uwar jiki. Buhun dusa guda take tashi da shi kahin hantsi."

"Sunanta nake tambaya."

"Mai dogon hanci. Kamar ke, sai dai ita tana da kunya."

"Basiru, kashe."

Na kashe. Minti biyu sun tafi a banza. Sai a lokacin muka gane wautarmu. Larai ake kiran giwar, kowa ya sani. Larai kuma shi ne sunan mahaifiyar Aminatu, ɗiyar fari ga Dudu, ga ta can bayan zana tana gyaran kifi. Mutumin da ya girma a nan ba ya kama sunan ɗan fari, balle a majigi gaban surukai. Mu goma sha biyu muka tsara fim ɗin nan, ko ɗaya bai tuna ba.

Aminatu ta dube ni, na dubi agogo. Amma ba ta saki wasan ba.

"Ashe tsufa ya cinye ma ƙwaƙwalwa. Ka manta sunan, faɗi gaskiya."

"Ni? Ina tune da ranar da kinka yi min hitsari a riga ta salla."

"To ko tsoro ne. Namiji har namiji, sunan giwa ya gagare shi. Gobe zan kai ƙara a raba auren nan, in auri Basiru."

"Tahi. Wanga mai rawar hannu ko akuya ba ya iya riƙewa."



"Kaka," ta sassauta murya, "in motar nan ta tashi, shi ke nan. Kowa ya yi maganarta a fim sai kai da ka ba ta ci da hannunka. Ni kuma ban san da wane ido zan dubi mutane ba."

Tsoho ya murza gemu. Na sake dannawa ba tare da an sa ni ba. Fitila ta soma ƙiftawa.

"Ke mai bakin tsiya," in ji shi, "wace rana anka kama ta?"

"Laraba mana. Shi ya sa aka sa mata sunan."

"Asabar ce. Ni na raɗa mata shi." Ya dubi ƙasa. "Uwarki na rarrahe na bar gida. A nan bakina bai taɓa kama sunanta ba, ba ya yiwuwa. Can kuwa ba wanda ya san ni. Sai in kira shi sau ɗari a wuni, in ji sanyi a raina."

 

Dudu ya dafa gwiwa ya miƙe, ya kanga hannu a gefen baki, ya juya wa zana baya, ya ja murya tun daga ciki.

"Laraaai! Taho, Larai, taho."

Can bayan zana muka ji wuƙa ta faɗi cikin kwano. Wata murya ta fito.

"Na'am, Baba."

Fitila ta mutu. Na duba kaset, ya shiga, har da amsar.

Dudu ya koma kan tabarma yana dariya, yana goge ido da hannun riga. "Kin ci ni, ja'ira. Shekara talatin da shida ina ɓoyo, kin tone ni da baƙin akwati." Ya ciro goro daga aljihu ya miƙa mata. "Ungo. Raba biyu, ki kai wa mai amsawa rabi."