Rasuwar Tumatur, Agogon Karatuna

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunnuwan da har yau ba su yarda ba, ni Amatullahi Maharazu ta Sabo, Ibadan, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar agogon karatuna, ɗan jan agogon roba mai siffar tumatur, wanda ya cika ranar Talata da hantsi, yana da shekara ɗaya a hannuna.

Marigayin bai san ƙarfe nawa ba, bai kuma taɓa cewa ya sani ba. Aikinsa ɗaya ne. In murɗa kansa, in jefa wayata cikin kwanon sha in rufe, in buɗe littafi. Shi kuwa sai ya kama: kas-kas-kas. Minti ashirin da biyar ba na ɗaga kai, ko da 'yan okada na dambe a bakin layi. In ya ce ƙirrrr, in miƙe in sha ruwa, minti biyar, in dawo. Ni da ba na kai ƙarshen shafi hankalina bai tafi bikin wata ba, shi ya zaunar da ni.

Ajalinsa a kwando ya zo. Yayana Ikrama ya kawo mana tumatur daga kasuwar Shasha, Inna ta juye a tabarmar da nake karatu, ta tattara duka har da shi ta zuba a bahon ruwa za a kai markaɗe. Idonta ya yi rauni, ban ga laifinta ba. Na tsamo shi, ya kwana biyu cikin buhun shinkafa yana jinya ko zai bushe, ya yi kas sau uku, ya yi shiru.

Ya rasu ya bar littattafai huɗu, biyu ba a gama ba, da ni, da jarrabawar shiga makarantar ungozoma, saura kwana tara. Sau biyu na faɗi kafin zuwansa. Baba ya ce in ta uku ta ƙi, in haƙura in kama shago.

Ikrama ya zaga kasuwa, bai sami irinsa ba. An ce in saita waya. Na ɗauke ta da azahar, kiran la'asar ne ya fito da ni. Dama ba a ba kura ajiyar nama.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, ina jinsa. Da rana tsaka, in na buɗe littafi, kas-kas-kas na tashi daga inda yake zama. Sai in yi ta jiran ƙirrrr ɗin, ba ya zuwa. Jiya haka na zauna har Inna ta taɓa kafaɗata, ina shafin da na fara. Wallahi tsoro nake ji.

Za a naɗe shi a hankici, a binne shi a ƙasan akwatin kayana gobe bayan la'asar. Babu zaman uku, babu na bakwai. Za a karɓi gaisuwa a gidanmu, kowa minti biyar, don ina karatu. Sai dai ku zo da agogonku ku tashi da kanku. Ba ni da sauran mai gaya mini lokaci ya cika.