Ranar da Shanu Suka Ja Jar Motata

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na ɗauko amaryar abokina Sani daga Kona ba, ko da kuwa mutanen Tasawa za su yi mini alheri su manta (ba za su yi ba).

Lokacin ina da wata tsohuwar motar tsere ja, mai kujera biyu, wadda na saya hannun wani Alhaji a Maraɗi. Da na ga yadda ya yi ta sa mini albarka ranar cinikin, ya kamata in gane. Motar nan ba ta shan isansi, wato fetur, na kwalba na bakin hanya, sai na gidan mai. Tayarta babu irinta a kasuwa. In wani ƙarfe ya lalace, sai an aika Kwatano, a jira wata biyu. Amma in na tayar da ita, duk unguwa sai an leƙo, ni kuma abin da nake so ke nan.

Ana saura kwana uku biki, makanikena Malam Idi ya ce, "Famfon ruwanta ya gaji, da roba na ɗaure shi. Kar ka kai ta cikin rairayi."

Na ce to. Da yamma kuma na bugi ƙirji gaban Sani na ce ni zan kawo mashi amarya kafin magariba.

A Kona, Gwaggon amarya ta zagaya motar ta ce, "Yo ɗan nan, ina sauranta?"

Na ce haka aka ƙera ta. Ta ce ita dai ba ta barin ɗiyarta ta tafi ita kaɗai. Haka suka matsu su biyu a kujera guda, amarya na ta kuka cikin lulluɓi yadda aka saba, 'yan rakiya na biye a wata motar.

Ba mu yi nisa ba sai cikin motar ya zauna bisa rairayi. Na taka, na ƙara takawa, sai ga tururi fuu daga gaba. Ta mutu murus. Motar 'yan rakiya maƙil take, ko jariri ba ya samun wuri, ga rana tana sunkuyawa. Wallahi ji na yi kamar in tona rami in shige.

Wani Bafulatani mai amalanken shanu ne ya tsaya. Ya ɗaura mana igiya, ya ce, "Kai dai riƙe sitiyari."

Haka muka shiga Tasawa, bijimai biyu na jan mu, ni na riƙe sitiyari da baƙin gilashi a ido (har yau ban san abin da ya hana ni cire shi ba). Sai na ji lulluɓi na rawa. Ashe amarya dariya take! Gwaggo ta mintsine ta, ta ce, "Ke, yi kuka mana!" Ina, abin ya ƙi.

Da ƙyalƙyala ta shiga gidan miji, dangin ango na kallon juna. Gwaggo ta nuna ni gaban kowa ta ce, "Wannan ne ya ja mana! Yanzu sai a ce ɗiyarmu ƙosawa ta yi ta bar gida."

Tun daga ranar, kafin in yi alkawari da tsohuwar mota, sai na fara tambaya wa ke da shanu a hanyar.