Yaya Murja Ta Koma Aji

Ranar Litinin da safe yayata Murja ta fita daga gidanmu da ke unguwar Biafra da sabon littafin rubutu da biro biyu, kamar 'yar lakwal mai zuwa firamare, ga ta da shekara talatin da takwas da 'ya'ya uku. Ta kusa awa guda a layin woro-woro, tasin nan na haɗaka, kafin ta samu mai tsallaka gada zuwa kasuwar Adjamé, aka matse ta tsakanin wata mai kwandon kifi da wani da ya rungumo tayar mota. Duk wannan wahalar ta sha ne don ta je a koya mata darasin da ita ta tsara da kanta. Ku yi mini haƙuri, masu karatu, ban taɓa rubutu a jarida ba, amma wannan abin ya ƙi barina in yi shiru.

Shekara tara ke nan Yaya tana aiki da wata cibiya mai horar da mutanen kasuwa. Tana koya wa masu shaguna da masu gadin sito da mata masu suya yadda ake kashe wuta tun ba ta ci rumfa ba. Da Hausa take yi, da yaren Jula, da Faransancin titi idan ta kama. Kayan aikinta buhu ne jiƙaƙƙe, da murfin tukunya, da bokitin yashi, da jar kwalbar kashe gobara, sai kuma muryar da ake ji daga wancan layi. Duk wanda ya gama kwana uku a ajinta, sai ta sa masa hannu a takardar shaida.

To, bana sai Allah ya buɗe wa manyanmu basira. Suka tafi wani otal a bakin teku, suka kwana biyar suna wahala saboda mu, ga iska ga gasasshen kifi, suka dawo da sabon tsarin albashin masu horarwa. Mataki huɗu suka yi. A can sama akwai masanin da ake ɗaukowa a jirgi ya yi magana awa biyu, a ba shi abin da Yaya ke samu a wata uku, a kuma roƙe shi ya yi haƙuri. Ƙasa da shi akwai mai kwat da majigi. Mataki na biyu na duk wanda ke riƙe da takardar shaidar an horar da shi ne. Wanda ba shi da ita kuwa, yana mataki na ɗaya, inda albashi ke raka mutum lafiya lau har sha biyar ga wata, daga nan ya yi masa sallama.

Yaya ba ta da takarda. Ta koyi aikin ne a wurin wani tsohon ɗan kwana-kwana da ya yi haya a gidanmu, sauran kuma gobarar da ta cinye shagon babanmu ce ta ƙarasa koya mata. Babu wanda ya ba ta hatimi a cikin su biyun.

Sai ta shirya ta je ofis wurin Mai Girma Mai Hatimi, mutumin kirki wanda ba a taɓa jin ya hana kowa jira ba.

"Ranka ya daɗe," ta ce, "ai ni ce ke ba da takardar nan."

"Mun sani, madam. Kina bayarwa. Amma kina da ita?"

"To sai in rubuta wa kaina."

Mai Girma ya cire tabarau, ya dube ta da tausayi. "Haba madam. Wannan ai maguɗi ne. Mu a nan ba ma wasa da gaskiya."

Hanya ɗaya ce, in ji shi. Ta shiga aji a matsayin ɗaliba, ta zauna kwana uku. Malamin kuwa Yazid ne, tsohon mai gadin sito da ita ta horar shekara biyu da suka wuce, wanda ranar da ya fara matsa kwalbar kashe gobara ya jefar da ita ya yi bakin ƙofa. Yanzu yana mataki na biyu, da sa hannunta a aljihunsa. Mai Girma ya ƙara da gargaɗi guda: doka ta hana mutum ya zama ɗalibi kuma malami a zama ɗaya, don a da wasu sun riƙa cin kuɗin zama ta gefe biyu. Idan ta koyar ko kaɗan, ta fita daga ɗalibai. Ƙarshen wata za a rufe rajistar matakai, ba za a sake buɗewa ba sai bayan shekara uku.

Yaya ba don kwalliya take neman matakin ba. Ɗakin Innarmu a ƙasa yake, ƙarshen tsakar gida, duk damina ruwa na shiga har ƙarƙashin gado, ƙafafunta kuma sun fara kumbura. Akwai ɗaki a bene a unguwar Belleville da aka ce za a riƙe mana zuwa ƙarshen wata. Albashin mataki na biyu zai iya da hayarsa. Na ɗaya ba zai iya ba.

Maƙwabcinmu Baba Kailu tela ya tare ni a bakin famfo. "Ke Huda, wai da gaske yayarki ta koma aji?"

Na ce da gaske ne, Baba.

"Madalla da ilimi. Ni ma shekarata arba'in a kan keke, bari in je wurin waɗanda na yaye su duba ko na iya sa zare." Ya kurkure baki ya tofar. "Ki ce mata ta cika bakinta da goro. Kwana uku kada ta ce uffan. Na san ta, shi ne abin da zai kayar da ita."

Ajin yana saman wani shagon atamfa, mutum arba'in a kan benci, fanka ɗaya tana juyawa don kanta. A baya can Madam Mai Rajista ta zauna da takardar sunaye da rula da agogo. Da Yazid ya hango Yaya, sai gumi ya keto masa ta cikin kwat. Ya matso ya rage murya.

"Anti Murja, ki rufa mini asiri."

"Ni ɗaliba ce, malam. Ka ci gaba da aikinka."

Ranar farko an yi minti arba'in ana neman wayar majigi, da aka same ta sai lokacin shan kofi ya yi. Rana ta biyu Yazid ya karanta musu tarihin wuta tun daga zamanin duwatsu, yana nuna hotunan wani ofishi mai kafet da babu wanda ya taɓa ganin irinsa a Adjamé. Yaya ta tauna murfin biro har ya fashe, ta ɗauko na biyu. Ta dawo gida kanta na sarawa, ta ce mini ashe shiru ma aiki ne, ya kamata a sa masa mataki.

Ranar Laraba, saura awa biyu a raba takardu, sai Tsahara mai suyar aloko, wato soyayyar ayaba, ta ɗaga hannu, da goyo a bayanta.

"Malam, ni ban da kafet. Kasko gare ni. In mai ya kama wuta, yaya zan yi?"

Yazid ya duba majigi. Babu kasko a ciki. Ya tura hoto gaba, ya dawo da shi baya, ya saci kallon Yaya, ita kuma ta kafa ido a kan littafinta.

"Ruwa," ya ce. "A watsa ruwa da yawa, da sauri."

Kawuna suka gyaɗa. Masu iya rubutu suka rubuta. Yaya ta ƙirga lokacin da ya rage. Awa biyu kawai. Ta ce a ranta za ta tare Tsahara a waje ta gyara mata. To sauran talatin da takwas fa, da kowa zai watse ya kama motarsa? Ta san inda Tsahara ke suya, tsakanin mai katifa da mai sayar da leda, ta san yadda take sunkuyawa kan kasko da yaron nan a baya. Ta rufe littafin, ta miƙe.

"Tsahara, in kika zuba ruwa a man da ya kama, wutar za ta yi sama ta same ki a fuska, ta kama rumfa. Ki kashe gas tukuna. Ki rufe kaskon da murfi, ko jiƙaƙƙen buhu da aka matse. Ki bar shi. Kada ki ɗaga ki leƙa."

Ta maimaita da Jula. Ta ɗauko farantin da aka kawo biredi a kai, ta nuna yadda ake tura murfi daga gefe, hannu a ɓoye a bayansa. Ta sa kowa ya taso ya gwada, har Yazid. Waɗanda suka rubuta ruwa ta tsaya a kansu sai da suka soke.

Da ta koma benci, Madam Mai Rajista ta riga ta ɗora rula a kan sunanta, ta ja layi miƙaƙƙe mai kyau.

"Madam, kin koyar."

"Kuskure na gyara."

"Minti ashirin da biyu. Na duba agogo."

Yazid, Allah ya saka masa, ya yi ta roƙo, ya ce laifinsa ne, a cire shi a bar ta. Madam ta ce ita ma abin bai yi mata daɗi ba, amma doka ba ta san daɗi ba. Kuma tunda yanzu sunan Yaya ya koma layin malamai, sai ta taimaka ta sa hannu a takardun ɗalibai. Ta zauna ta sa hannu a talatin da tara. Rahoton da aka aika ofis ya ce ba a taɓa yin ajin da mutane suka fahimci darasi irin wannan ba, don haka ana ba da shawarar a ɗaga Yazid zuwa mataki na uku.

Ɗakin Belleville an ba wani. Da yamma Baba Kailu ya aiko mana da bulo huɗu, muka ɗaga gadon Inna.

Yaya ta ce a tashar woro-woro Tsahara ta biyo ta, tana fifita da sabuwar takardarta.

"Anti, wai da gaske da wannan ni ma zan iya koyarwa? Har in fi ki mataki?"

"Haka doka ta ce."

Tsahara ta gyara goyonta. "To in sun buɗe rajista nan da shekara uku, ki zo ajina. Ni ba zan ce ruwa ba, sai ki yi shirunki lafiya."

Yaya ta ce ta gode, a ajiye mata wuri a bencin baya.

Ni dai shawarata ga masu karatu ita ce, idan wuta ta tashi a layinku kuka ga wata mata ta taho a guje da jiƙaƙƙen buhu, ku tsayar da ita ku nemi ganin takardarta tukuna.