Ranar da Aka Yi wa Teku Guga

A duk ofishin kula da gaɓar teku babu ɗan gayu irin Muƙaddashin Darakta, wanda ma'aikata ke kira Karin Guga a bayan idonsa. Allah ya yi bawan nan da ƙin abu a yamutse. Kafin ya zauna sai ya ɗage rigarsa da yatsu biyu, in zai sa hannu a takarda kuwa sai ya shafa ta kamar mai lallashin jariri. Tekun da aka ba shi amana bai taɓa zuwa bakinsa ba, wai iskar wurin tana ɓata kwalliya. Buri ɗaya ya rage masa a duniya, a tabbatar masa da kujerarsa.

Ana gab da zuwan shugabar hukumar da ofishin ke ƙarƙashinta, wadda ita za ta yanke wannan hukunci, sai aka kawo babban hoton teku da tauraron ɗan'adam ya ɗauko. Karin Guga ya tsaya a gabansa, ransa ya ɓaci. Ruwan duk ya tattare, nan ƙyalli, can duhu, sai ka ce zanin gadon da yara suka yi tsalle a kai.

"Ni za a kawo wa wannan ƙazanta?" in ji shi. "Ofishin da nake shugabanta ba ya nuna wa baƙi teku a yamutse. Ku gyara shi a kwamfuta ya kwanta lumui. Masu tauraron kuma a gaya musu su riƙa goge gilashinsa."

Ma'aikata sun daɗe da sanin maigida ba ya son a fi shi sani, don haka suka yi yadda ya ce. Teku ya fito shuɗi sumul, aka rataye shi a ɗakin taro.

Shugaba ta zo. Gogan naku ya tare ta da jawabi, yana cewa tun da ya kama ragamar ofis hatta teku ya shiga taitayinsa. Ita kuwa ta gyara tabarau, ta daɗe tana kallon hoton, sannan ta tambaye shi yaushe wannan bala'i ya auku.

"Wane bala'i, ranki ya daɗe?"

A hankali ta yi masa bayani. Hasken rana ne ke bugun ruwa ya koma sama. Inda iska ta tayar da ƙananan igiyoyi sai hasken ya warwatse, inda ruwa ya kwanta sai ya zama kamar madubi, shi ya sa lafiyayyen teku ke fitowa a yamutse. Ranar da aka ɗauki hoton nan kuwa an yi iska mai ƙarfi har masunta suka ƙi fita. A irin wannan rana, in ji ta, malalar mai ce kaɗai ke kwantar da ruwa haka.

"Ko dai mai ya rufe tekun nan kaf ba ka sanar da kowa ba, ko kuma an taɓa hoton hukuma. Wanne zan kai sama?"

Karin Guga ya waiwayi ma'aikata, kowa ya duƙufa kallon takalminsa. Bai san sanda ya damƙe gefen rigarsa ya cukwikwiye ta ba.

Mako bai zagayo ba kafinta ya zo ya cire allon sunan Karin Guga daga ƙofar ofis, ya cike ramukan ƙusa, ya shafa fenti. Ƙofar ta fito sumul, daidai yadda maigida ke so.