Rimot a Kwanon Daddawa

"Lafiya lau, Inno. Ya ƙarfin jiki? Ya tsufa?"

"Tsufa yana gidanku. Tashi daga durƙuson nan, ban amsa ba."

Abdulnasir bai tashi ba. Inno Tasalla, kakarsa ta wajen uba, tana zaune bakin ƙofar ɗakinta a Roni, ta juya masa ƙeya. Jiya aka yi Cika-ciki. Wata guda tana ɓoyon wutsiyar ragon layya, ta hana kowa taɓawa, don jikan nan nata ya ce zai zo daga Dutse bayan shekara biyu ba ta sa shi a ido ba. Da hannunta ta tuƙa tuwon, ta kaɗa miyar. Gida kaf aka ci har ana nishi, shi kuwa ya tsakuri kwaɗon zogale ya rufe kwanonsa. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Yau kuma ga shi da jaka a kafaɗa, alhali kwana uku ya ce zai yi.

"Wai wannan ne miji?" in ji ta. "Mace ta wuni gaban murhu, ka kalli kwanonta kamar toka aka zuba maka."

"Ai tsoro na ji, kar in tsinci haƙorinki a miya."

"Haƙorana uku ne, kuma duk suna nan. Kai da ke da talatin, me ka tauna da su?"

"Amaryar da sai an nuna mata inda gishiri yake, ai dole mutum ya yi hattara."

"Angon da iska ke kaɗawa! Dubi wuyanka. Ko a Dutsen yunwa ake biyanku da ita?"

"Tunaninki ne ya ramar da ni."

"Ƙarya kake, ɗan nema. Ina za ka da jaka?"

"Komawa zan yi, Inno. Wani uzuri ne ya taso."

Sai ta bar wasan. Ta juyo ta dube shi da idanunta da suka fara hazo.

"Audu, tsakaninka da Allah. Ƙyanƙyamin hannuna kake yi? Na san ba na gani sosai. In wani abu ka gani a tuwon, faɗa mini, ba zan ji haushi ba."

"Subhanallahi! Inno, ni? Wallahi ba haka ba ne. Wani abu nawa ne ya ɓata tun jiya da la'asar. Na duba mota, na koma masallaci, har tasha na je."

"Ɗan baƙi haka, mai gilashi?"

Ya ɗago kai da sauri. Inno ta ji daɗi ya dawo mata, ta gyara zama. Ai al'ada ce, ranar Cika-ciki abokin wasa kan ƙwace maka hula ko takalmi, sai ka zo ka fansa da goro. Shi kansa yana ƙarami ya sha gudu da carbinta. Ita kuwa tun isowarsa ta lura ba ya kai loma baki sai ya latsa wannan abu, shi ya sa da ya tafi alwala ta ɗauke. Tana kallonsa yana zarya a tsakar gida, tana dariya a ciki, tana jira ya zo ya roƙa. Bai zo ba.

"Miƙo mini kwanon can na ƙarƙashin gado."

Ya buɗe. Ga abin kwance cikin daddawa.

"Inno! Cikin daddawa?"

"Nan ne ɓarawo ba ya dubawa. Kawo gorona ka karɓi wayarka. Mutum ya zo wurin matarsa, ya wuni yana shafa waya!"

Bai yi dariya ba. Ya zauna dirshan a tabarma, ya goge abin da bakin riga, ya latsa, ya ga ya kawo haske, ya sauke numfashi.

"Ba waya ba ce. Rimot ne na maganina."

Ya naɗe hannun riga. A damtsensa akwai wani farin abu manne da fata, bai wuce akwatin ashana ba.

"Insulin ɗin, maganin sugan nawa, yana cikin nan, yana ɗiga mini kaɗan-kaɗan dare da rana. Amma in zan ci abinci mai nauyi, sai na faɗa masa ya ƙara, kuma da wannan kaɗai yake jin magana. Shi ba shi da maɓalli ko ɗaya. Allurar da nake ajiyewa saboda irin haka kuma na manto ta a Dutse. Da na ci tuwon nan jiya, da suga ya hau. Ita zan koma ɗaukowa."

Inno ta tuna baya. Tun yana ɗan shekara goma sha ɗaya ciwon suga ya kama shi, a ɗakin nan ya yi jinya. Ita ke binne kwalbar maganin cikin jiƙaƙƙen yashi a gindin randa don kar zafi ya lalata ta. Ita ke danne shi da gwiwa ta tsira masa allura safe da yamma, yana kuka yana cewa ya sake ta saki uku. Ta taɓa yin wata biyu ba ta magana da Shatu maƙwabciyarta don ta ba shi alewa. Yau ga shi ita da kanta ta kwanar da shi da yunwa a ranar da ko baƙo ba a bari ya kwana da ita.

"Da ban ga kana allura ba," ta ce a hankali, "sai na ɗauka Allah ya yaye maka. Har sadaka na yi shekaranjiya."

"Laifina ne. Kowa na yi wa bayani a gidan nan, ban da ke. Na ce ba za ki gane ba."

"Ni ce ba zan gane ba?"

Ya sunkuyar da kai.

"Kuma da abin ya ɓata, me ya hana ka zo wurina?"

"Kar in tayar miki da hankali. Wallahi na manta ma ana ƙwace a Cika-ciki."

"Ka manta." Ta share ido da gefen mayafi. "Ni na yi wauta, kai ka yi nisa. Da wani abu ya same ka fa? Me zan ce wa ubanka in na tarar da shi a lahira?"

"Ki ce masa kin gaji da ni ne, kina son saurayi."

"Rufe mini baki! Wa zai kwashi tsohuwa mai kashe miji?"

"Ni dai ban mutu ba, kuma ban sake ki ba."

Ta ƙwala wa Rahamatu, matar baffansa, kira ta kawo ɗumame. Kwanon nasa na jiya ne, ba wanda ta bari ya buɗe. Abdulnasir ya ajiye jakar, ya duba sugansa, ya dubi malmalar tuwon ya kimanta ta, ya latsa lambobi. Sai ya miƙa mata rimot ɗin.

"Saura dannawa ɗaya. Nan, inda yatsana yake."

"A'a, kar in ƙara yi maka wata ɓarnar."

"Na riga na saita. Shekara bakwai kina yi mini, yau ma ke za ki yi."

Ta goge yatsa a zani, ta yi bisimilla, ta danna. Abin ya yi ɗan ƙara.

"Ya shiga?"

"Yana shiga."

"Ba zafi?"

"Ko kaɗan."

"Oh ni Tasalla! Duk kukan da na sa ka, ashe da an jira..." Ba ta ƙarasa ba.

Ya ɗan dakata kamar yadda likita ya ce, sannan ya wanke hannu ya sa a kwano. Lomarsa kawai Inno take bi da ido har ya suɗe.

"Gaskiya gishiri ya yi yawa," in ji shi.

"Ɗan banza."

"Daddawar ma ƙamshin rimot take yi. Akwai saura a tukunya?"

Dariya ta ƙwace mata, hawaye na bin kumatunta.

"Na faɗi, ka yi nasara, na yafe goron. Rahamatu, ƙaro masa! Kai kuma saita abin nan ka miƙo, ni zan danna."