Yadda Mai Girma Ya Shuka Bedin Matata

Ranar Talatar da ta wuce na fito da tabarmata da ɗan rediyona zan zauna a inuwa, sai na tarar an yi wa bedin ƙofar gidana ado. Bedi, ga waɗanda ba Katsinawa ba, shi ne iccen da Kanawa ke ce wa darbejiya, don su komai sai sun ja shi ya yi tsawo. Wani bawan Allah ya zo da jan fenti ya ja masa layi biyu a ciki, ɗaya ya gitta ɗaya, irin alamar da malamin makaranta ke yi wa daƙiƙi.

Mati ɗan kabu-kabu, maƙwabcina, yana tsugune yana goge babur ɗin da rabonsa da mai tun makon jiya. Ya ce in yi murna, arziki ya zo unguwarmu. Ranar Asabar Mai Girma Babban Baƙo zai zo Ƙofar Guga ya ƙaddamar da gangamin dashen itatuwa, kuma daidai inda bedina yake, nan za a kafa rumfa. Saboda haka sare shi za a yi.

Na sa ya maimaita, don kunnena ya fara tsufa. Ya maimaita. Za a sare icce domin a samu wurin koya mana dashen icce. Wallahi dariya ta kama ni har sai da na dafa bedin. Tun da soja suka koma bariki ake ta gaya mana mulki ya dawo hannunmu. Kullum da safe sai na buɗe hannuna na duba, ban ga komai ba sai tsagar tsufa. Ashe yana nan tafe, da gwangwanin fenti.

Mai karatu, kafin ka ce tsoho ya rikice a kan icce, bari in gaya maka na waye. Matata Furera, Allah Ya jiƙanta, ita ta dasa shi shekarar da aka kawo ta gidan nan. Rani biyu tana rage ruwan girkinta tana ba shi, ta kewaye shi da ƙaya, ta yi gaba da duk akuyar unguwa saboda shi. Sai aiki ya ɗauke ni zuwa Ikko, akawu a wani sito da ke bakin teku, muka tafi muka bar wa Hajo mai ƙosai amanarsa.

Tun da na dawo, tambaya ɗaya ke bi na: Malam Babaji, mi ya rabo ka da Ikko? Samarin unguwa suna sayar da babur don su je can, ni kuma na taho da ƙafata. Mati ya yanke cewa ko dai korata aka yi, ko kuma akwai wani akwati da na binne a ɗaki. To yau zan ba da amsa, kowa ya huta.

Na farko dai zafi. Kada Bakatsine ya ce ya san zafi. Zafinmu namiji ne, gaba da gaba yake zuwa, ya mare ka da rana, da yamma ya kama gabansa. Na Ikko kuwa munafuki ne, jiƙaƙƙe, yana bin ka har banɗaki. Kana wanka kana gumi, ka rasa wanne ne ruwan bokiti wanne ne naka. Littattafaina da na tara tun ina saurayi, funfuna ta karance su kafin ni. Sai cunkoson motoci: na taɓa gama littafi guda, daga bango zuwa bango, a kan gada ɗaya, na ɗaga kai na ga har yanzu mai tallan burodin nan ne a gefen tagata, sai dai burodin ya kwana. Ruwa a gabanka, ruwa a bayanka, ruwa a ƙarƙashin gado idan damina ta yi, amma na sha sai ka saya. Maigidan haya kuwa, duk lokacin da zai aurar da 'ya sai ɗakina ya ƙara daraja, kuma Allah Ya albarkace shi da 'ya'ya mata. Shekara ashirin da 'yan kai ina bin layi ɗaya zuwa aiki, ba wanda ya taɓa sanin sunana. Ni Aboki ne. Mai gadi Aboki, mai yankan farce Aboki, ni mai tabarau da biro a aljihu Aboki. Ban taɓa ganin garin da ake da abokai da yawa haka ba, kuma babu mai zuwa duba ka in ka kwanta ciwo.

Duk wannan da na jure. Abin da ban iya jurewa ba ɗaya ne. Idan rana ta take, ɗakinmu ya zama tanda, Furera takan ɗauki mafici ta ce, “Yanzu haka bedina yana can yana zubar da inuwa a banza.” Kullum ina ce mata baɗi za mu koma. Baɗin ce ba ta zo ba har ta rasu. Ranar da muka kai ta, muna haƙa ruwa yana bin mu, sai da aka yi ta kwarfewa da kwano. Macen da aka haifa a garin da ake roƙon ruwa, na bar ta kwance cikin laka. Na dawo gida na ɗaure sauran littattafaina da igiya, na nufi tasha. Tun da ban kawo ta inuwarta ba, na ce aƙalla ni in zo in zauna mata a ciki, kada ta ci gaba da zuba a banza.

Wannan ita ce dukiyar da Mati ke nema a ƙarƙashin gadona.

Zuwa da kai ya fi saƙo, don haka na sa hula na tafi wajen Alhaji Sada, Sakataren Kwamitin Korar Hamada. Wata shida da suka wuce kayan keke yake sayarwa a bakin kasuwa. Yanzu shagon dai shi ne, amma an sa labule, an kuma samo masa ƙararrawar kiran masinja, duk da babu masinja. Muka gaisa: ya gida, ya iyali, ya jama'a, ya fama da hamada. Ya ce hamada tana jin jiki.

Ya yi mini bayani cikin ladabi, kuma dole in yaba. A zamanin soja sai dai ka wayi gari ka ga kututture. Yanzu kuwa sai an zaunar da kai, an kira ka mai zaɓe, an ba ka ruwan sanyi, sannan a sare. Wannan ci gaba ne, wanda ya musa ɗan baƙin ciki ne. Ya ce matsalar ba rumfa ce kawai ba, akwai maganar hoto.

“Malam, kai da kanka duba,” in ji shi. “Mai Girma ya duƙa yana dasa ɗan icce kamar tsinken sakace, a bayanshi ga wani ƙato ya yi tsaye ya fi nashi. Ai wanga raini ne.”

Na tambaye shi ko an taɓa jin hamada ta ji tsoron hoto. Ya ce wannan tambayar siyasa ce, shi kuwa ma'aikaci ne.

Na fito na saduda. Ashe Allah Ya tanadar mini mataimaki inda ban zata ba. Jama'a, a shafin nan na zagi wahalar man fetur fiye da yadda na zagi sauro, yau kuwa na janye kalamaina gaba ɗaya. Injin yanke icce da aka ba da kwangilarsa, mai yake sha. Mati, wanda ya mayar da babur ɗinsa layin gidan mai, inda har sun naɗa liman da mai unguwa, shi ke kawo mini rahoto. Ya ce ɗan kwangilar yana can a layi rungume da injin kamar mai jego. Da ya kai gaba aka ce ba a zuba wa jarka, sai abin hawa. Ya ce ai ba jarka ba ce. Aka ce to ya hau ta su gani. Ya koma baya.

Laraba ta wuce, bedi na tsaye. Alhamis ta wuce. Hajo, tana juya ƙosai, ta tambaya ko gatari ya ƙare a duniya ne. Na ce ta yi shiru don girman Allah. Kwangilar gatari ba ta da romo, shi ya sa ba wanda ya tuna da shi, kada ta zama sanadi.

Bakinta kuwa kamar na boka. Ranar Juma'a bayan an sauko, sai ga Alhaji Sada da ƙarti biyu, kowanne da gatari a kafaɗa. Na ce shi ke nan, bedi ya tafi. Amma na lura babbar rigarsa ta jiƙe sharkaf, irin jiƙewar da ban gani ba tun da na baro Ikko, kuma na san dalili, don Mati ya riga ya kawo labari da safe. Motar da ta ɗauko 'ya'yan itatuwan da za a dasa, ita ma tana layin mai tun farkon mako. Rana ta gasa su sun zama kamar kayan miyar kuka, ɗan abin da ya yi saura kore kuma awakin gidan mai sun ƙaddamar da shi.

Na tsaya tsakanin gatari da bedi, na tambaye shi a hankali, idan an sare an kafa rumfa, gobe mi Mai Girma zai dasa. Ya kalli ƙarti, ya kalli sama, ya ce kwamiti na nazari.

A nan ne zaman Ikko ya yi mini rana. A unguwarmu ta can akwai wani famfo da na ga manya uku sun buɗe shi, kowa a zamaninsa, kowa da almakashinsa. Bai taɓa ɗigo ba, amma ko da aka zo faɗaɗa titi sai da titi ya kauce masa, saboda yana da allo mai sunan manya. A ƙasar nan mutum yana iya rasa gata, amma abin da babban mutum ya yanka wa ƙyalle ya gama tsira.

Na ja Alhaji Sada gefe na ce, “Ranka ya daɗe, wanne ya fi daɗin ji a rediyo: Mai Girma zai dasa icce, ko Mai Girma ya dasa icce har ya yi inuwa?”

Ya ce ai gwamnatin duka-duka watanninta nawa. Na ce nan ne abin alfaharin yake. Soja sun yi shekara da shekaru ba su tsirar da ko tafasa ba, ga farar hula cikin 'yan watanni sun fitar da icce da mutum biyu ba su iya rungume shi. Kuma wa zai miƙe a gaban Mai Girma ya tambayi shekarun icce, in ba ɗan adawa ba?

Na ga maganar tana sauka a fuskarsa kamar ruwan farko. Ya sallami masu gatari, ya ce dama abin da kwamiti ke nazari ke nan.

Ranar Asabar, jama'a, an sha biki. Aka rufe jan fenti da farar ƙasa, aka ɗaura wa bedi ƙyalle a ƙugu kamar ɗan kokawa. Motoci suka cika Ƙofar Guga, kowacce tankinta cike, don layin mai ya san waɗanda yake jin kunya. Mai Girma ya zauna a inuwar matata, ya ce lallai wannan aiki ya yi kyau. Ya yanke ƙyalle, aka miƙa masa sabuwar buta ya tsiyaya wa saiwar ruwa, ya ja kunnenmu mu talakawa da mu yi koyi da shi, mu daina sare itatuwa. Maroƙi ya ce ko hamada ta ji sunansa sai ta tattara yashinta. Na tafa har tafina ya yi ja. Hajo, wadda ta yi shekaru tana zuba wa iccen nan ruwan wanke wake, ta toshe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa, har wani ɗan kwamiti ya ce dubi baiwar Allah, kukan daɗi take yi.

Da suka watse sai suka bar allon ƙarfe mai ɗauke da sunan Mai Girma da dukan laƙabansa, a matsayin wanda ya dasa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na tsaya ina karantawa, Hajo ta ce mini, “Bar su da allonsu, Malam. Inda ake rubuta na Furera ba a ba da kwangila.”

Akwai ɗan ƙarashe. Tun da yanzu bedi dukiyar gwamnati ne, an kewaye shi da waya, an kuma rubuta a ƙasan allon cewa an hana zama. Wato na baro teku, na ƙetare ƙasa guda saboda inuwa ɗaya, na cece ta daga gatari, sannan doka ta hana ni ita.

Sai dai an manta ba a sanar da inuwar ba, ita kuwa ba ta yi boko ba. Da hantsi takan tsaya cikin waya kamar mai biyayya. Da la'asar ta yi sai ta tsallake, ta haura katangata, ta zo ta kwanta a tsakar gida daidai inda Furera ke ajiye turmi. Nan nake shimfiɗa tabarma yanzu, daga nan ma nake rubuta muku wannan. Don Allah maganar ta tsaya tsakaninmu. In ta kai kunnen kwamiti, ƙarshenta a ce dukiyar gwamnati na kwana a gidana.